Yawon Kochi, Ana Gobe Kwamiti Zai Zauna

Da damina ne. A shekarar ruwa ya makara, mutanen Samaru suka yi shuka sau biyu, da ya zo kuma ya ƙi ɗaukewa har katangar bayan gidanmu ta zauna. Ni dai ban bi lissafin watanni ba. Litinin da Alhamis kawai na sani, ranakun da ake kai babbar 'yata wankin ƙoda. Sauran ranakun jira ne. Abinci ya daina yi min ɗanɗano. Ko rasuwa aka yi a unguwa na je gaisuwa, sai in zauna ina kallon mata suna kuka, ni idona a bushe. Ba taurin zuciya ba ne. Kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta, haka jikina duka ya koma.

A cikin wannan daminar muka sauka a Kochi, wani gari na bakin teku a ƙasar Indiya, ni da ita. Can ma ruwa muka tarar. An so a gwada mahaifinta, ciwon suga ya hana. An gwada ƙaninta Sadik, bai dace ba. Nawa jinin ne ya dace, don haka ni ce zan ba da ƙodar.

Wani Alhaji mai ofis a unguwar PZ ne ya shirya mana tafiyar, sana'arsa ke nan, kai marasa lafiya waje. Ya ce za mu tarar da mai jiranmu a filin jirgi. Muka zauna a kan akwatunanmu tun hantsi har la'asar, babu kowa. Yarinyar ce ta tashi da kumburarrun ƙafafunta ta je ta yi Turanci da masu tasi. Masaukin da ya ce yana jikin asibiti, sai an hau bas biyu. In aka kira wayarsa sai a ce yana taro. Ban yi fushi ba. Na nemi fushin a cikina ban same shi ba.

A masaukin muka haɗu da Mama Chidi. Ita ma Alhajin nan ne ya turo ta, da mijinta da aka yi wa aikin zuciya. Iyayenta daga kudu suka zo, amma a Sabon Gari aka haife ta, tana da shagon tukwane da kwanuka a kasuwa, Hausarta kuma ta fi tawa sauri. Ranar farko ta leƙo ɗakinmu ta ga abincin da aka kawo mana ba mu taɓa ba.

Ta ce, "Kwakwa ko? Mutanen nan ko ruwan sha in ba ki yi hankali ba sai sun sa masa kwakwa. Zo, ina da garin kuka a jakata, kada ki faɗa wa kowa."

Sai na yi bayanin wani abu a nan, don 'yan yanzu ba duka suka san shi ba. Yarinyar nan 'yar fari ce. A gidan da na tashi, can ƙauyenmu bayan Giwa, mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta zama kusa da shi, in ya faɗi wani ne zai ɗaga shi. Innata har ta rasu ban taɓa jin sunan yayanmu a bakinta ba. Ranar da aka yaye tawa, yayar mijina, Goggo Asabe, ta zo daga Hanwa ta goya ta ta tafi da ita. Ina daka a tsakar gida, ban ɗaga kai ba. Ina jin kukanta har suka sha kwanar layinmu, ban ajiye taɓarya ba. Surukata ta ce, "Wannan yarinya akwai kunya." Aka yi ta yaba min har a gidajen biki.

A Hanwa ta girma. 'Ya'yan Goggo suna ce min Anti, ita ma ta ɗauka. Ni kuma in zan yi maganarta sai in ce "yarinyar nan" ko "ta wajen Goggo". Ko wata ce mai irin sunan, Mai suna nake ce mata. A unguwa Maman Sadik ake kirana, da sunan na biyu. Ta yi karatu, ta zama malamar firamare a Basawa, ta kai shekara ashirin da bakwai, ban taɓa kiranta ba. In ina nemanta sai in yi gyaran murya.

Dokar ƙasar ita ce, kafin a cire wa mutum ƙoda a ba wani, sai wani kwamiti ya zauna da shi shi kaɗai, ya tabbatar ba saye aka yi ba, ba kuma dole aka yi masa ba. Ran Talata aka shigar da ni. Mutum biyar a bayan dogon tebur, shugabarsu wata mata mai furfura da tabarau. Alhaji ya ce akwai tafinta Bahaushe. Wanda aka kawo Ba'indiye ne da ya taɓa aiki a wata masaƙa a Kano, Hausarsa ta ciniki ce.

Ya ce, "Madam ya ce, wa za ka ba ƙoda?"

Na ce, "Yarinyar da muka zo tare."

"Mene ne sunansa?"

Na sunkuyar da kai. Na ce, "Yana cikin takardun."

"Madam ya ce ka faɗa da baki."

Na ce, "A ba ni biro in rubuta."

Na iya rubuta shi. Shekara uku na yi a ajin yaƙi da jahilci a Samaru, da yamma bayan na sauke tukunyar awara, kuma ba wanda ya taɓa cewa alƙalami yana da kunya. Amma matar ta dubi na kusa da ita, ta rubuta wani abu. Suka tambaye ni abincin da yarinyar ta fi so. Ban sani ba, ba a tukunyata ta girma ba. Na ce tana cin komai. Sai tafinta ya ce, "Kana sonsa?" Maza huɗu suna kallona. Na ce, "Allah ya raya ta."

Aka karanto abin da nas-nas suka rubuta a kaina: ba na zama a bakin gadonta, ba na taɓa ta, kullum ina kujerar bakin ƙofa. Duk gaskiya ne. A ƙarshe matar ta cire tabarau ta yi magana a hankali, tafinta ya juya min. Jini ya nuna ni na haife ta, ba su da shakka. Amma abin da suke gani a gabansu mace ce da aka tsorata aka turo. Ba za su yanka wanda aka yi wa dole ba. In dawo ran Juma'a da ƙarfe goma. In ba su gamsu ba za a rufe takardun, mu koma gida. Likita kuwa ya riga ya faɗa mana jijiyoyin hannunta sun gaji da allurar wanki, ba su da sauran nisa.

Muka hau bas ni da yarinyar muka koma masauki. Da muka shiga ɗaki ta kwanta, ta ce, "Anti, me suka tambaye ki?"

Na ce, "Sunan wanda zan ba."

"Kika ce me?"

"Na ce a ba ni biro."

Ta yi 'yar dariya ta hanci. Ta ce, "Ai haka aka saba." Ta juya ta fuskanci bango. Can na ɗauka ta yi barci, sai ta ce, "In ba kya so ki faɗa min, Anti. Ba wanda zai ji a gida. Zan ce jinin ne bai dace ba."

Na tashi na wanke kofunan da na riga na wanke.

Mai masaukin yana da al'ada, baƙin da suka daɗe a wurinsa yakan sa su cikin masu yawon zaga tsohon gari, 'yan mutane kaɗan da mai yi musu jagora. Ya ba Mama Chidi wurin mutum biyu ran Alhamis. Mijinta ba ya iya doguwar tafiya, sai ta zo ta tsaya a ƙofarmu. Abin da na faɗa mata game da kwamiti shi ne sun ce a dawo.

Na ce, "Ranar wanki ce, ba zan iya ba."

Yarinyar ta ce, "Ki je, Anti. Awa huɗu zan yi a kan injin. Ko kina nan bakin ƙofa za ki zauna."

Ba da faɗa ta faɗa ba. Na ɗauki mayafina.

Mu takwas ne. Wasu tsofaffin Turawa mata da miji, Larabawa uku, wata budurwa mai kyamara, sai mu biyu. Jagoranmu dattijo ne siriri mai lema ruwan ɗorawa, ya ce sunansa Josef. Mama Chidi ta mai da shi Baba Josef tun kafin mu hau jirgin fito. Yana da takarda mai sunayenmu, duk inda aka tsaya sai ya kira kowa ya amsa kafin a wuce. Nawa bai taɓa faɗa daidai ba. Hajara sai ya ce Ajira, in ɗaga hannu.

Da ya zo kan Mama Chidi ta ce masa kada ya wahala da na takarda. Ta juyo ta ce min, "Na ce masa Mama Chidi. Shekara talatin da sunan yaron nan ake kirana, har na fasfo ɗin in aka kira sai in waiga in ga wa ake nema."

A cikin jirgin na ga teku. Babban ruwan da na sani kafin nan rafin Kubanni ne in ya cika. Na yi tsammanin zan ji wani abu, tsoro ko mamaki. Na duba, ruwa ne mai yawa, toka-toka, da hankaki suna bin jirgin. Baturiyar tana share ido. Ni ina tunanin ko an sa wa yarinyar bargo, don injin yana sa ta sanyi.

Wurin masunta muka fara tsayawa. Suna da wani irin taru mai girman ɗaki, rataye a jikin dogayen itatuwa da aka kafa a bakin ruwa, an ɗaura manyan duwatsu a igiyoyi ta baya. Mutum ɗaya ya taka itacen, tarun ya nutse. Bayan ɗan lokaci mutum biyar su ja igiya ya taso. Baba Josef ya yi dogon bayani yana nuna gabas da lemarsa.

Na ce, "Me ya ce?"

Mama Chidi ta ce, "Ya ce mutanen Sin ne suka kawo dabarar tun zamanin kakannin kakanni. Daga nan Turawa suka zo sayen yaji suka zauna. Wasu Turawan suka zo suka kore su suka ci gaba da satar. Sai na uku, irin namu, suka kori na biyun."

"Duk dogon zancen nan?"

"Na cire miki ƙashi, na bar miki tsoka."

Masuntan suka kira mu mu taya su ja. Aka ba ni igiya, tana da kaushi kamar ta guga. Suna wata waƙa suna ja, na ja tare da su. Tarun ya taso yana zubar da ruwa. Ƙananan kifi huɗu ne a ciki da robar lemo. Kowa ya tafa. Masuntan suka sake nutsar da shi, ba wanda ransa ya ɓaci. Na dubi tafin hannuna ya yi ja, ban ji zafi ba.

Daga nan muka bi wasu layuka masu tsofaffin gidaje da manyan itatuwa, har wani coci. Baba Josef ya ce ya fi shekara ɗari huɗu. Ana cire takalmi a ƙofa. Na tsaya daga waje.

Mama Chidi ta ce, "Maman Sadik, bikin suna nawa na je a gidajenku na zauna ana addu'a? Ba wanda zai zuba miki ruwa a ka. Shigo, ruwan sama zai dake ki."

Na shiga. Akwai sanyi a ciki da warin tsohon katako. A jikin bango an jera wasu faffaɗan duwatsu masu rubutu. Ashe murafen kaburbura ne. Da a ƙasa suke, ƙafafun mutane suna cinye rubutun, aka ɗaga su aka jingina. Baba Josef yana da wata ɗabi'a, ba ya wuce dutse sai ya sa yatsa ya bi haruffan ya karanta sunan da ƙarfi, ko da ba wanda ke saurare. Larabawan sun gaji sun fita shan iska, shi yana nan yana bi ɗaya bayan ɗaya.

Haruffan irin waɗanda aka koya mana ne a aji, sai dai sun shafe. Na matsa kusa da wani ƙaramin dutse ina haɗa baƙi da wasali a raina yadda malamarmu ta koya mana. Ban iya fitar da kalmar ba. Ya zo ya karanta min, ya yi nuni da hannu daidai gwiwarsa.

Mama Chidi ta ce, "Ya ce yarinya ce ƙarama. A jirgi suka zo daga ƙasarsu, zazzaɓi ya kashe ta a nan."

Na ce, "Allah sarki." Bakina ne ya faɗa. Na fita na sa takalmina.

Unguwar 'yan yaji ce ta gaba. Tun daga bakin layi na gane warin, citta ce. Muka shiga wani tsohon sito mai fili a tsakiya. Saboda ruwa an kwashe shanyar an tara a ƙarƙashin rumfa, tuli-tuli, an barbaɗa mata wani farin gari mai sa tari. Turawan suka rufe hanci. Ni kuwa sai na ga kamar layin 'yan citta ne a kasuwar Sabon Gari ranar da motocin Kachiya suka sauke kaya. Mata shida suna zaune a ƙasa suna tsince ruɓaɓɓu. Ban san lokacin da na tsuguna ba. Hannuna ya shiga aikin da kansa, mai kyau dama, mai huji hagu.

Ta kusa da ni ta yi min sallama. Sa'ata ce, da ɗankwali baƙi da haƙori ɗaya na azurfa. Na amsa. Ta ji daɗi, ta faɗa wa sauran. Ta nuna ni da yatsa, na ce Hajara. Ta maimaita daidai, ta fi Baba Josef. Sai ta dafa ƙirjinta ta faɗi nata.

Sunan yarinyar ne. Da ɗan bambancin harshe, amma shi ne.

Ta tsaya tana jira in maimaita, yadda ta yi min. Na ce, "Mai suna." Ta girgiza kai tana murmushi, ta ɗauka harshena ne ya kasa. Ta sake faɗa a hankali, gaɓa-gaɓa, tana buɗe baki sosai don in gani. Sauran matan suka taya ta, suna tafa hannu a kan kowace gaɓa. Budurwar mai kyamara ta faɗa, Baturen ma ya faɗa, aka yi dariya. Saura ni. Na ji harshena ya taɓa bayan haƙorana inda sunan yake farawa, ya tsaya a nan.

Matar ta daina dariya. Ta dube ni sosai. Ban san abin da ta gani ba. Ta zaɓi citta babba mai yatsu biyar, ta goge ta da gefen zanenta, ta sa min a hannu ta rufe yatsuna a kai.

Mama Chidi tana tsaye a kanmu. Tun daga nan har wurin ƙarshe ba ta fassara min ko kalma ɗaya ba.

Wurin ƙarshe tsohuwar maƙabartar Turawa ce a bakin teku. Ƙofar a kulle take, ta tsakanin ƙarafa ake leƙawa, ciyawa ta rufe rabin kaburburan. Ruwa ya sauko, muka fake a rumfar wani mai shayi. Sauran suka kewaye Baba Josef. Mama Chidi ta ja ni ƙarshen benci.

Ta ce, "Abin da ya faru a kwamiti ke nan."

Na juya cittar a hannuna.

"Na san al'adar. Maƙwabciyata a Sabon Gari haka take, ɗanta na fari Mai gida take ce masa har ya yi gemu. Amma ban ɗauka har nan kika ɗauko ta kika biya mata kuɗin jirgi ba."

Na ce, "Ba ƙi ba ne, Mama Chidi. Ba ya fitowa ne."

"Kina son ta?"

"Ke ma tambayar da za ki yi min ke nan?"

"Ni na sani. Na ga yadda kike tashi kina taɓa bargonta in ta yi barci, ta taga nake ganinki da rana tsaka. Amma ni ba na cikin kwamiti. Ita ma yarinyar idonta a rufe yake lokacin."

Na ba ta labarin ranar yaye, da taɓarya, da abin da surukata ta ce. Ban taɓa ba kowa ba. Ina faɗa kamar labarin wata mata da na ji a mota. Ta saurara har ƙarshe tana juya kofin shayinta.

Ta ce, "An yaba miki. To, masu yabon suna ina yanzu? Suna Samaru suna cin tuwo." Ta kurɓi shayi. "Bari in faɗa miki wani abu, in kin ga dama ki daina gaishe ni. Kafin ku zo akwai wata mata a ɗakin da kuke, mijinta bai tashi daga aikin ba. Ba ta da kowa, ni na raka ta. Akwai wani ofis a can ƙasan asibitin, kusa da inda ake ajiye gawa. Akawun ba ya kallon fuskar mutum. Zai ce faɗi sunan mamaci. Ki faɗa. Ya ce sake faɗa. Ya duba takarda ya ce sake, don kada a ba ki gawar wani. Sau uku. Can ba a ba da biro, Maman Sadik. In kun koma gida ma haka ne, ko a can ko a nan akwai ofishin. Wa zai faɗa? Ni?"

Ruwa yana zuba daga bakin rumfar a kan ƙafata. Ban janye ba.

Ta ce, "Faɗa dai za ki faɗe shi. Zaɓi kawai ya rage miki, tana ji ko ba ta ji."

Baba Josef ya buɗe takardarsa ya fara kiran suna. Ya ce Ajira. Na ɗaga hannu.

A jirgin dawowa na tsaya a baya inda injin yake ƙara, na juya wa mutane baya. Na ce bari in gwada a nan, ba mai ji. Na gwada sau biyu. Iska kawai ta fito. Ban yi kuka ba, ban ji komai ba, sai gajiya a muƙamuƙina kamar na yini ina tauna.

Kafin magariba muka iso. Yarinyar ta riga mu dawowa, tana kwance, hannunta naɗe da bandeji, leɓɓanta sun bushe.

Ta ce, "Kin ga tekun?"

Na ce, "Na gani."

"Ya yake?"

"Ruwa ne. Da yawa."

Ta ce, "Anti ke nan." Ta lumshe ido. "Na haɗa kayana a ƙaramar jaka. In sun rufe takardun gobe, sai mu nemi jirgin Lahadi, kada in rasa wankin Litinin a gida."

Na ce to. Na yi salla na kwanta.

Washegari bayan asuba na dafa shayi a ɗan risho na masaukin. Na zuba a kofi na kawo ɗaki. Tana kwance ta fuskanci bango. Kujerata tana bakin ƙofa, na wuce ta. Na zauna a bakin gadon, katifar ta lotsa, ta ɗan motsa amma ba ta juyo ba. Abin da na tsayar a raina ɗaya ne, ba zan bari mutum biyar da tafinta su riga ta ji ba.

Na yi gyaran murya, don shi na saba. Sai na ajiye kofin a ƙasa, na dafa gwiwoyina da hannu biyu kamar mai shirin ɗaga tulu.

Na ce, "Ramlatu."

Muryar ba ta yi kama da tawa ba. Ta juyo, amma ba ni ta fara kallo ba. Ƙofa ta duba, ta ga wa ya shigo. Ƙofar a rufe. Sai ta dawo da idonta kaina.

Na ce, "Ramlatu, tashi ki sha shayi. Bas biyu ne a gabanmu."

Ta daɗe tana kallona. Ta ce, "Na'am." Ta tashi zaune ta karɓi kofin, na riƙe mata gindinsa har ta shanye.

Ƙarfe goma aka shigar da ni. Matar mai tabarau ta yi tambayarta ta ran Talata. Na amsa kafin tafinta ya gama juyawa, shi kuma bai sami abin fassarawa ba. Ta tambayi abincin da ta fi so. Na ce ban sani ba, ba ni na raine ta ba, amma zan tambaye ta yau. Ta tambayi dalilin da zan ba ta ƙodata. Na ce Ramlatu ce, ni na haife ta. Ta dube ni ta saman tabarau, ta dubi na damanta da na hagunta, ta jawo takardar ta sa hannu.

Na fito. Ramlatu tana zaune a dogon bencin baranda da ƙaramar jakar a cinyarta, akwai wuri a can ƙarshe, akwai wuri kusa da ita. Na zauna kusa da ita, na karɓi jakar na ajiye a ƙasa.

Na ce, "Wane abinci kika fi so?"